Tunda hiliyam ba ya kama wuta, me ya hana a cika zefilin da shi tun farko?

Garba_Kt: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske kan manyan jiragen iskar nan masu ƙwarangwal da ake kira zefilin, irin Hindenburg da ya ƙone a 1937. Kowa ya san haidurojin makamashi ne, hiliyam kuwa ko ashana aka ƙyasta masa ba ya ci. To me ya sa tun farko ba a yi amfani da shi ba? Ganganci ne ko akwai dalili?

Injiniya_Sale: Wa alaikumus salam, Malam Garba. Dalili na farko shi ne babu shi. Ranar 2 ga Yuli 1900 da zefilin na farko, LZ 1 na Ferdinand von Zeppelin, ya tashi a kan Tafkin Konstans a kudancin Jamus, tsawonsa mita 128, da ƙwarangwal na alminiyam da jakunkunan gas 17, shekara biyar ke nan kacal da William Ramsay ya fara ware hiliyam a doron ƙasa, a 1895. Abin da ake da shi ɗan kaɗan ne a kwalaben ɗakin bincike. Haidurojin kuwa ana samar da shi da araha, ko daga ƙarfe da asid, ko a raba ruwa da lantarki.

Labari ya sauya a garin Dexter na jihar Kansas a Amurka. A 1903 aka haƙa rijiyar gas, aka jefa mata wuta ta ƙi kamawa. A 1905 masana kimiyya Cady da McFarland suka auna gas ɗin, suka sami hiliyam kusan kashi 2 cikin 100. Yadda ake fitar da shi: a yi ta sanyaya gas ɗin rijiya har sauran iskokin su zama ruwa, hiliyam ya rage shi kaɗai, don shi ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 269 ƙasa da sifili. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma a wancan zamanin kusan Amurka kaɗai ke da rijiyoyin. A 1927 ta hana fitar da shi waje. An zana Hindenburg da niyyar hiliyam, da bai samu ba aka koma haidurojin.

Hajiya_Fiziks: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ko da akwai shi ba kyauta yake zuwa ba. Ga lissafin a gaɓar teku, a digiri sifili: kubik mita ɗaya na iskar da muke shaƙa kilo 1.29 ne, na haidurojin 0.09, na hiliyam 0.18. Abin da gas ke ɗagawa shi ne bambancinsa da iska, wato 1.20 da 1.11. Sai mutum ya ce ai kashi 7 ko 8 ne kawai. To a ninka giram 90 ɗin nan sau 200,000, girman Hindenburg ke nan, za a ga tan 18. Nauyin ƙwarangwal da injuna ba ya raguwa ko kaɗan, saboda haka duk tan 18 ɗin daga fasinja, kaya da mai za a zare shi.

Babbar matsalar ma ba nan take ba, tana wajen bawul, wato ƙofar sakin gas. Jirgi yana hawa gas yana kumbura, a tsayin mita 1,000 ya ƙaru da wajen kashi 10. In jakunkuna suka cika tim, dole bawul ya buɗe ko su fashe. Mai haidurojin ba ruwansa, yana tashi a cike, ya zubar a hanya, in ya sauka a ƙara masa. Mai hiliyam ba zai zubar da dukiya ba, sai a cika masa kashi 85 ko 90 tun daga ƙasa. Ga wata asarar ɗagawa a kan ta farko.

Sannan mai. Duk tan ɗin fetur da inji ya ƙone, jirgin ya rage nauyi da tan ɗaya, yana neman hawa. Jamusawa sai su saki gas. Amurkawa suka ɗaura bututun sanyaya hayaƙi a bakin salansa suna tatsar ruwa su ajiye shi ya maye nauyin man da aka ƙone, don kilo ɗaya na fetur yana ba da tururin ruwa fiye da kilo ɗaya. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai bututun suna da nauyi, suna tare iska, baƙin hayaƙi kuma yana toshe su.

Garba_Kt: Na gode, Hajiya. To me ya sa Amurka ta jure duk wannan wahalar?

Injiniya_Sale: Rayuka ne, Malam. A Agustan 1921 jirgin R38 mai haidurojin, da aka ƙera wa Amurka, ya karye a saman Hull a Ingila, ya kama wuta, mutum 44 suka mutu. A Fabrairun 1922 jirgin Roma, shi ma mai haidurojin, ya taɓa wayoyin lantarki a Norfolk ta Amurka, mutum 34 suka mutu. Daga nan Amurkawa suka juya zuwa hiliyam. USS Shenandoah, da ya fara tashi a 4 ga Satumba 1923, shi ne mai ƙwarangwal na farko da aka cika da hiliyam. Gas ɗin ya yi ƙaranci har da jirgin Los Angeles ya iso daga Jamus a Oktoban 1924 sai da aka kwashe na Shenandoah aka zuba masa, suna yi karɓa-karɓa. Jakunkunan kuma da tantanin hanjin shanu ake yin su, a manna shi a kan yadin auduga. Yana riƙe gas, amma a hankali iska tana kutsawa ciki, sai an riƙa tace hiliyam ɗin lokaci-lokaci. Tsimin hiliyam ne ya sa aka cire bawul 10 cikin 18 na Shenandoah, kuma a 3 ga Satumba 1925 guguwa ta karya shi a jihar Ohayo.

Malam_Isa_Zinder: A nan ina so a yi hattara, Injiniya. Cire bawul kuskure ne, ban musa ba, amma abin da ya karya jirgin iskar guguwa ce da ta cilla shi sama ta kuma murɗa shi, ƙwarangwal ɗin bai iya ɗaukar murɗar ba. A duba kuma: mutum 43 ne a ciki, 14 suka rasu, 29 suka tsira, wasunsu sun sauko a cikin guntun gaban jirgin yana shawagi kamar balan-balan. Da haidurojin ne, ƙarafa na karyewa suna tartsatsi, da wuya a sami masu ba da labari. Haidurojin yana ci da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 a iska, har zuwa kashi 75.

Amma kada a ɗauka hiliyam ya gama magance komai. Jirgin Akron na Amurka cike yake da shi lokacin da ya faɗa teku a Afrilun 1933, mutum 73 cikin 76 suka tafi, yawancinsu nutsewa da sanyin ruwa, ba su da rigunan ceto. A Hindenburg mutum 97 ne a ciki, 35 suka mutu, da ma'aikaci ɗaya a ƙasa. Wanda ba ya kama wutar shi ya fi cin rai.

Garba_Kt: Allah ya saka da alheri, na fahimta. Hajiya, in da hali a yi mana bayanin yadda jirgin Jamus Graf Zeppelin ya kauce wa matsalar ragin nauyin mai.

Hajiya_Fiziks: Da gas mai suna Blau yake tafiyar da injunansa, Malam Garba. Nauyinsa kusan daidai yake da na iska, ana ajiye shi a jakunkuna na daban a ƙasan na haidurojin. In ya ƙone iska ta maye gurbinsa, nauyin jirgin bai canja ba sai kaɗan.