Neman kalma: "outcome", "recovery" da "compensation" a binciken shanyewar ɓarin jiki

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara darasi kan yadda ake auna ɓeraye makonni bayan an jawo musu shanyewar ɓarin jiki a ɗakin gwaji, kuma Alhamis da safe zan miƙa. Kalmomi uku sun ƙi ci sun ƙi cinyewa: "long-term outcome", "recovery" da "compensation". Ta farko na sa mata "sakamako na dogon lokaci", amma kunnena bai karɓa ba. Sauran biyun duk "warkewa" ke zo mini, alhali darasin ya raba su.

Likitan Ƙwaƙwalwa: Wa alaikumus salam, Malama. Kunnenki ya yi gaskiya. Sakamako shi ne abin da gwaji ya fitar, nan kuwa halin da dabbar ke ciki ake nufi. Yadda aka fi jawo wa ɓera shanyewar shi ne a tura zaren nailan ta jijiyar wuya har ya toshe bakin jijiyar tsakiya mai kai wa ƙwaƙwalwa jini, a bar shi minti 60 ko 90, a zare. Shekaru da yawa, da an yi awa 24 sai a yanka ƙwaƙwalwar fale-fale, kaurin milimita 2, a tsoma a ruwan rini mai suna TTC: inda ke da rai ya yi ja, inda ya mutu ya fito fari fat. Girman ɓarnar kwana ɗaya ke nan. Majinyaci kuwa a kwana na 90 ake duba shi da ma'aunin Rankin, daga 0 zuwa 6, a ga ko yana tafiya, ko yana iya kula da kansa. Wani nazari na 2006 ya ƙirga magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada, 114 kacal suka kai ga gwaji a kan mutane. Bambancin lokacin awo na cikin abubuwan da ake ɗora wa laifin faɗuwarsu. Ni "makoma" zan ce.

Malamar Nahawu: Likita, "makomar ɓera" za ta tura mai karatu lahira. A sa "aƙiba", ko a warware ta: "halin da dabba ta kasance bayan an jima".

Ɗan Kamus: Me ya kai mu aron Larabci muna da tamu? "Matuƙa", daga "tuƙe", inda hanya ta ƙare. "Matuƙar ciwo". Gajera, tsarkakakkiya, ba aro a cikinta.

Malamar Nahawu: Duk Bahaushen da ya ga "matuƙar ciwo" zai ɗauka ciwo mai tsanani ake faɗa. In kuma aro laifi ne, sai ka fara da "lafiya", ka biyo da "likita" da "asibiti".

Mai Ɗakin Gwaji: Ban da wannan ma, ba tuƙewa ake aunawa ba, Malam. Ana auna dabbar tun kafin tiyata, sannan a maimaita, misali kwana na 3, na 7, na 14, na 28, wasu su kai wata biyu ko uku. Tafiyar ake bi.

Malama mai tambaya, "recovery" da "compensation" su ne zuciyar darasin. A gwajin miƙa hannu, ana rage wa ɓera abinci har nauyinsa ya sauka zuwa kamar kashi 90 cikin 100, a koya masa zura ƙafar gaba ta wata 'yar tsaga ya ɗauko ƙwayar abinci mai miligiram 45. Lafiyayye yakan ɗaga dagin, ya miƙa, ya kife tafin a kan ƙwayar, ya damƙe, ya juyo da shi sama zuwa baki. Bayan shanyewar sai adadin da yake samu ya faɗi. Bayan makonni huɗu ko biyar yana iya komawa kusa da na da. Mai ƙirga ƙwaya zai rubuta ya warke. Amma ki rage gudun bidiyon ki duba: yana murɗa gangar jiki don kafaɗa ta yi aikin da yatsu suka kasa, yana jan ƙwayar a ƙasa, yana sunkuyar da baki ya tarbe ta, wani lokaci ɗaya dagin ya kawo agaji. Adadi ya dawo, motsin bai dawo ba. Wannan shi ne "compensation". Don Allah kada ki bi ƙamus ki sa "diyya". Ni da za a bar ni, "kwamfenseshan" zan rubuta, ɗalibai sun riga sun san ta.

Ɗan Kamus: Ga shi nan. Wanda ya yi karatu da Turanci gani yake Hausa ta talla ce da hira, ba ta ɗaukar kimiyya. Kin bayyana abin kaf da Hausa, sai a wajen raɗa masa suna za ki ce mun gaza?

Mai Ɗakin Gwaji: Ban raina harshena ba, Malam, kuma ban yarda a ɗora mini wannan ba. Tsorona kalma mai daɗi wadda za ta ɓatar da ɗalibi. Ka kawo wadda ba ta yi ƙarya ba, ni ce ta farko da za ta ɗauka.

Ɗan Kamus: Da masu gwaji suna tuntuɓar masu harshe tun farko, da ba a zo ana nema saura kwana biyu ba. Kuma har yanzu ban ji hujjar da ta kayar da "matuƙa" ba. Ma'ana sabawa ce. A koyar da ita shekara biyar, za ta zauna.

Likitan Ƙwaƙwalwa: A yi haƙuri, baiwar Allah na jira. Ga "recovery", kada a sa "samun sauƙi", don ko wanda ke kwance rai a hannun Allah "da sauƙi" ake cewa. "Farfaɗowa" fa?

Mai Ɗakin Gwaji: Za ta ci karo da farfaɗowa daga maganin sa barci, wadda ke cikin kowane bayanin tiyata. "Dawowar aiki" ta fi, a ƙara "na asali" inda ake kwatanta su.

Ki kuma lura da inda darasin zai ce wani ma'auni ya daina gani. Makin Bederson na 1986, daga 0 zuwa 3, yana kama naɗe ƙafa da kewaye-kewaye a kwanakin farko, sannan yawancin dabbobi su koma kamar lafiya lau. A sandar juyi, wadda ake ɗora ɓera a kai a ga jimawarsa kafin ya faɗo, mai tashi daga juyi 4 zuwa 40 a minti, ɓera na ƙara ƙwarewa da maimaici, har koyo ya yi kama da warkewa. Waɗanda suka fi jimawa suna nuna giɓi su ne miƙa hannu, da matattakalar Montoya mai hawa bakwai inda ɓera ke miƙa dagi ya ɗauko ƙwayoyin abinci, da tulun gilashi inda ake ƙirga dagin da yake dafa bango da shi. TTC ma ba abin dogaro ba ne bayan 'yan kwanaki, don ƙwayoyin jiki da ke shigowa share matacciyar tsoka su ma suna ɗaukar jan. A kwana na 28 wurin ya zama rami, ɓarin ƙwaƙwalwar ya motse, sai a auna abin da ya rage a debe daga lafiyayyen ɓarin. Kuma a rubuta kowace dabba da ta mutu. Masu ɓarna mafi girma su ke fara tafiya, in aka share su rukunin zai yi kyau ba don magani ba.

Malamar Nahawu: To ga tawa ga ta ukun: "dabarar cike giɓi". Ko "lallaɓawa", yadda ake cewa yana lallaɓawa da ƙafa ɗaya.

Likitan Ƙwaƙwalwa: Ta farkon. "Lallaɓawa" na nuna rauni a fili, nan kuwa dabarar ɓoye raunin take yi.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na ɗauki "dawowar aiki" da "dabarar cike giɓi". A kan "long-term outcome" ba mu daidaita ba, don haka zan sa "halin dabba bayan an jima" a kanun darasi, in taƙaita da "halin baya" a cikin jadawali.

Malamar Nahawu: "Halin baya" zai koma halin da ya wuce. Bar doguwar ko'ina, ko da jadawalin ya matse.

Ɗan Kamus: Kalma biyar a gurbin ɗaya. Ban gamsu ba, amma Alhamis ta matso, a miƙa. "Cike giɓi" dai Hausa ce, ba ni da ja.

Mai Ɗakin Gwaji: Ni ma zan gwada ta. Saura guda, Malama: darasin zai raba ƙaramin ɓera mai giram 25 da babba mai giram 300, kuma minti 90 da babban ke jurewa yakan kashe ƙananan da yawa. Mu duka "ɓera" muke cewa. Kada ki sa "gafiya", wata dabba ce daban.

Mai Fassara: Shafi na huɗu ke nan, ban ma kai can ba.