Neman shawara: gonar gado ta daina ba da masara

Mai tambaya, Kumo: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Gonar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ta zo hannuna ne bayan rabon gado da ya ɗauki shekara biyu, domin ƙanina ya dage a sayar, ni kuwa na ƙi. Damina huɗu ke nan ina shuka masara, ina zuba takin zamani na NPK 15:15:15 da yuriya, amma bana ganyen ƙasa ya yi rawaya tun ba ta yi goyo ba, ciyawar wuta-wuta kuma ta mamaye gefen gabas. Karan nakan sayar wa masu dabbobi, ragowar in cinna masa wuta. Yaya zan yi?

Malamin gona, Gombe: Malam, da hannunka kake kwashe abincin ƙasar. Wani kaso na abin da masara ta tsotsa yana cikin karanta. In ya ruɓe a gona, ƙananan halittun ƙasa sukan mayar da shi abinci ga shuka, in ka ƙone kuwa naitirojin ɗin, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, ya bi hayaƙi. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, amma idan ba a binne ta ba mai yawa yakan tashi a iska, kuma yawan zuba ta yana sa ƙasa tsami. Baɗi ka shuka waken suya ko gyaɗa, waɗanda ƙulluman saiwarsu ke kamo naitirojin daga iska.

Dattijo, Dukku: Ɗana, ka nemi Fulani su kwantar maka da shanu da rani. Mu da gawo muka dogara, wanda ke zubar da ganyensa da damina, amma masu gawayi sun sare mana su, babu wanda ya tsawatar.

Wani manomi, Bajoga: Takin ne ba shi da kyau. Bara na sayi buhu uku a kasuwa, rabinsu yashi ne. Ka ƙara yuriya daga amintaccen dila.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Amma ranka ya daɗe Malam, da kuɗin karan nake sayen takin, kuma masarar ce abincin gidana.

Malamin gona: Ƙarin yuriya ba zai gyara gonar ba. Binnewa kake yi ko watsawa?

Mai tambaya: Yadda marigayi yake yi, haka nake yi.