VPN ko furoksi: wanne ya fi tsare bayanai a shagon kwamfuta?

Ɗan Kaura:
Assalamu alaikum. Shagon kwamfuta ne a Gusau, inda ake cike wa mutane fom na makaranta da na neman aiki. Kwamfuta shida ce a kan wayi-fayi guda, masu zuwa ma suna haɗa wayoyinsu. Wasu sun ce furoksi na kyauta a burauza ya wadatar, wasu sun ce sai VPN. Wanne ne zai fi kare lambobin NIN da BVN da ake shigarwa?

Injiniya Tsafe:
Wa alaikumus salam, Malam. Furoksi ɗan aike ne: ya karɓi saƙonka ya kai da sunansa, shafin ya ga adireshin IP ɗinsa, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, maimakon naka. Iyakar aikinsa ke nan. Furoksin HTTP na gargajiya da irin SOCKS5 ba sa kulle saƙo, wato rikita shi yadda mai leƙe ba zai iya karantawa ba, kuma manhajar da aka saita kaɗai suke yi wa aiki. Idan a burauza ka sa shi, sauran manhajojin kwamfutar suna fita ta hanyarsu. Sau da yawa ma tambayar DNS, wato neman adireshin shafi, tana bin kamfanin layinka kai tsaye.

VPN kuwa yana kulle duk abin da ya fita daga na'urar har zuwa sabarsa, wato kwamfutar kamfanin VPN ɗin. Cikin nau'o'in VPN, ka zaɓi WireGuard, mai amfani da tsarin kullewa na ChaCha20, ko OpenVPN da na AES-256. PPTP kada ka kusance shi, tun 2012 aka nuna yadda ake fasa shi. Bayan ka haɗa, kunna makullin da ke yanke intanet idan VPN ya katse, in ba haka ba na'urar za ta koma hanyar da ta saba ba tare da ka sani ba. A Android yana cikin saitin VPN, a ƙarƙashin "Always-on VPN". Sannan ka buɗe shafin gwajin DNS: idan sunan MTN ko Airtel ya bayyana, akwai yoyo.

Malama Gummi:
Injiniya ya yi bayani, amma Malam, kada ka ɗora wa VPN abin da ba nasa ba. Shafukan banki da na JAMB suna kan HTTPS, don haka lambobin a kulle suke tafiya ko babu VPN. Mai leƙe sunan shafin kawai zai gani. Ɓarnar shago daga ciki take fitowa: manhajar da ke naɗe abin da aka danna a allon rubutu, burauzar da ta adana kalmar sirrin wani, hoton takardar NIN da aka bari a kwamfuta. VPN ba ya taɓa ko ɗaya.

Fara da rauta, wato na'urar da ke raba wayi-fayi. Buɗe wa baƙi wayi-fayi na daban, a hana na'urorinsu ganin kwamfutocin aiki, a sa tsaron wayi-fayi na WPA2 ko WPA3, a canja kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kamfani. Kuma manhajojin banki kan ƙi buɗewa idan suka ga adireshin Jamus ko Amurka, sai ka nemi saba ta Legas ko ka cire su daga cikin VPN ɗin.

Ɗan Kaura:
Na gode, Malama. To VPN na kyauta fa? Kuma yana aiki idan an ɗauke sabis?

Injiniya Tsafe:
Ba ya aiki. A kan layi yake hawa, shi ya sa da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 babu VPN ɗin da ya amfani kowa. Rufe Twitter a wannan shekarar kuwa wani abu ne daban, can shafi guda aka toshe, layi na nan.

Na kyauta kuwa, a yi hattara. Mai VPN yana ganin abin da kamfanin layi yake gani a da, amanar ce kawai ta canja hannu. A 2015 aka gano Hola, wani VPN na kyauta, na sayar da layin masu amfani da shi ga wasu. Idan an haɗa amma shafuka suna maƙalewa, rage MTU na WireGuard, wato iyakar girman ƙunshin saƙo, zuwa 1280.