Neman shawara: yaya zan auna aikin masu harhaɗa magunguna da abin da NHS ke biyansu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina bincike kan kantunan magani na Ingila daga 2015 zuwa yau. Na raba kuɗin da NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin ƙasar, ta biya kowace shekara da yawan magungunan da aka bayar, malamina ya ce lissafin bai tsaya ba. Don Allah ina matsalar take?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Da alama kin cakuɗa kuɗi iri biyu. Akwai kuɗin maganin kansa da ake mayar wa kanti bisa farashin Drug Tariff (jerin farashin magani na hukuma), akwai kuma kuɗin kwangilar aiki. Na biyun kike buƙata. A 2016 aka fara zaftare shi daga kusan fam biliyan 2.8, ya sauka zuwa 2.592 a 2017/18, yarjejeniyar shekara biyar ta 2019 kuma ta daskarar da shi a nan har 2023/24. A waɗancan shekarun, a cikinsa akwai fam miliyan 800 na ribar sayen magani da aka yarje wa kantuna su riƙe, kada ki ƙirga ta sau biyu. Sannan ki cire hauhawar farashi, in ba haka ba za ki ɗauka kuɗin bai motsa ba, alhali darajarsa ta zube.

Amsa ta biyu: Malama, ki ƙirga magani ɗaya-ɗaya, ba takardar likita ba, don takarda guda na iya ɗaukar magani biyar. Kan kowanne ake biyan lada: fam 1.27 a da, ya koma 1.46 a Afrilun 2025. Ga tarkon: likita ya daina rubuta maganin kwana 28 ya koma na 84, sai adadi ya ragu ninki uku, mara lafiya kuwa yana shan abin da yake sha. Wannan ba lalaci ba ne. Kuma ki raba da awannin aiki, ba da yawan masu harhaɗa magunguna masu rajista ba, tunda da yawansu ba cikakken lokaci suke yi ba.

Amsa ta uku: Ƙari kaɗan. Tun 31 ga Janairun 2024 shirin NHS na Pharmacy First ya ba masu harhaɗa magunguna damar duba cututtuka 7, kamar ciwon maƙogwaro da na kunne. Ganawa ɗaya ta fi miƙa magani cin lokaci nesa ba kusa ba. Ki ware wa ire-iren waɗannan ayyuka layinsu daban, ki auna kowanne da ladansa.