Wanda ya haura rabi ya kwashe kujeru duka: adalci ne?

Malamin firamare: Salamu alaikum jama'a. Abin da na faɗa jiya bayan la'asar ina nan a kai: tsarin zaɓen kansiloli a Kamaru danniya ne ga wanda ya zo na biyu. Garinmu bai kai mutum 50,000 ba, don haka kujera 25 dokar zaɓe ta 2012 ta ba mu. Jerin 'yan takarar jam'iyya da ya haura rabin ƙuri'u, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi zai kwashe 25 ɗin kaf. Ɗaya ɓangaren, ko su 49 cikin 100 ne, ba su da bakin magana a majalisa har shekara 5.

Alhaji tsohon kansila: Wa alaikumus salam. Ɗana, rabin dokar ka karanto. In ba wanda ya haura rabi, ai rabawa ake yi. Wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki rabin kujerun, sauran a kasa su gwargwadon ƙuri'u, sai dai jerin da bai kai 5 cikin 100 ba, shi ba rabonsa.

Malamin firamare: Baba Alhaji, Allah ya ja zamaninka, rabin 25 nawa ne? Cikawa ake yi zuwa 13. Kuma da 13 ɗin nan kaɗai za su naɗa magajin gari, ko sauran 12 sun haɗa kai. Ka ga ko an raba, an riga an gama.

Alhaji tsohon kansila: Da gangan aka yi haka. Na zauna a majalisar nan, na san abin da ake ciki. Kasafin kuɗin komin, wato ƙaramar hukuma, ƙuri'ar kansiloli yake jira. Ka ba jam'iyya huɗu kujera shida-shida ka gani: damina za ta sauka, kwalbatin hanyar kasuwa na nan a toshe, su kuwa suna ta musun unguwar wa za a fara haƙa wa rijiya. Gara a damƙa wa mutum ɗaya linzami, in ya gaza a kayar da shi.

Hajiya mai atamfa: A kayar da wa, Alhaji? Ni takardar jam'iyya na jefa a ambulan, ban taɓa ganin an ce mini ga ɗan takarar magajin gari ba. A 2020 mutumin da muka yi ta rangaɗa wa guɗa shi ne a saman jeri. Da kansiloli suka shiga zauren mairie, ofishin magajin gari, suka fito, wani daban muka ga an rataya wa ɗamarar tuta. Sai dai muka ji ana raɗe-raɗin umarni ne daga sama.

Ɗan kalando (mai haya da babur): Inna Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu da muke biyan harajin komin kullum, mu tsaya da kanmu ma ba hali.

Alhaji tsohon kansila: Wa ya hana ka? Shekara 23 ake nema, ka wuce.

Ɗan kalando: Baba, sai jam'iyya ta sa ni a jeri, ba a tsayawa da ƙafar kai. Ga sefa 50,000 na ajiya kan kowane ɗan takara. Lissafa sau 25: miliyan ɗaya da dubu 250 tun ba a buga hoto ko ɗaya ba. Wanda ya biya wa jeri kuɗin nan, shi ne mai jerin. Sannan a ce sai ka iya karatu da rubutu da Faransanci ko Ingilishi. Limamin unguwarmu ya sauke Alƙur'ani, yana rubutu da ajami kamar ruwa, amma doka ta ce bai isa ba.

Malamin firamare: A nan kam ban bi ka ba, ƙanena. Takardun kasafi da Faransanci suke zuwa. Kansilan da bai iya karanta su ba, hannu kawai zai riƙa ɗagawa. Ni kukana kujerun ne. Ɗan adawa ko uku ne a zaure, ai za a sami mai tambayar ina kuɗin rumfunan kasuwa suka shiga.

Alhaji tsohon kansila: Kada ku manta doka ta tilasta kowane jeri ya haɗa al'ummomin gari, ya sa mata. Shi ya sa kuke ganin Bafulatani, Bahaushe, Baguziga da Babarbare a takarda ɗaya. A koma kowa ya tsaya da kansa, ƙuri'ar ƙabila za a yi, kuma mu Hausawa da ba mu da yawa a nan mu ne za mu fara rasa kujera.

Hajiya mai atamfa: Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma matan a gindin jeri ake jera su, Alhaji, inda rabo ba ya kai wa in an zo kasawa.

Malamin firamare: To a bar jerin yadda yake, a cire kwashe-duka ɗin kawai.

Alhaji tsohon kansila: Majalisar dokoki ta Yawunde ce mai gyara doka, ba mu ba. Tukuna ma, ku masu hayaniyar nan, nawa ne cikinku ke da katin zaɓe? Hukumar zaɓe ELECAM na rajista daga Janairu zuwa ƙarshen Agusta kowace shekara.

Ɗan kalando: Nawa na cikin aljihu, Baba. Zaɓen ne ake ta ɗagawa. Waɗanda aka zaɓa a 2013 sai Fabrairun 2020 suka sauka, na 2020 ma an ƙara musu wa'adi.

Hajiya mai atamfa: Alhaji, ba ka amsa mini ba. Wa ya sauya mana mutuminmu a zauren nan?