Abokina na sakandare ya rasu a Makka, kuma akwai kuɗinsa a wuyana

Direba a Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun shekaranjiya ban runtsa ba. Akwai abokina da muka yi makarantar kwana tare a gida, muka gama a 2008. Tun aji ɗaya gadonsa ne a saman nawa. Akwatin ƙarfensa ba ya rabo da gari da ƙuliƙuli, ranar da siniyoyi suka ƙwace mana abinci sai ya jiƙa garin a kofin roba mu sha da cokali ɗaya, shi ya ɗiba ni in ɗiba. Har wandonsa na sa ranar ɗaukar hoton gamawa don nawa ya yage. Bayan shekaru Allah ya sake haɗa mu a nan Saudiyya, ni ina tuƙi a Jidda, shi yana ɗinki a unguwar Shara Mansur da ke Makka. Bara waccan lokacin sabunta iƙamata, wato takardar izinin zama, ya ranta mini riyal 3,000. Daga baya wani abu ya shiga tsakaninmu, muka daina magana. Kwatsam sai ga hotonsa a zauren ajinmu na WhatsApp, wai Allah ya yi masa rasuwa, ashe har an kwana tara. An sallace shi a Harami bayan la'asar aka kai shi maƙabartar Shara'i. Akwai saƙon muryarsa a wayata tun azumi, sakan 40, ban buɗe ba. Niyyata in yi masa umra, kuɗin kuma in yi sadaka da su da sunansa. Matarsa na gida, ba ta san da bashin ba. Ya kuke gani?

Ɗalibin Madina: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Umra ba laifi muddin ka taɓa yin taka, kuma mazaunin Jidda daga gidansa yake ɗaukar harami. Amma maganar kuɗi, ɗan uwa, ka cire ta a ranka. Daga lokacin da ransa ya fita kuɗin nan ya zama na magada. In ya bar 'ya'ya, matar na da tumuni (ɗaya bisa takwas), mahaifiyarsa in tana raye sudusi (ɗaya bisa shida), haka mahaifi, sauran na yara. Ba a sadaka da dukiyar marayu.

Hajiya mai abinci, Karantina: Allah ya jiƙansa. Ni dai waɗannan zaurukan 'yan aji sun fita raina. Da mijin ƙanwata ya rasu, 'yan ajinsu suka yi ta karo-karo, ana sa sunaye ana ta Allah ya saka. Yau shekara biyu ko ficika ba ta gani ba. Hoton mamaci kawai suka iya yaɗawa.

Direba a Jidda: Malam na ji, amma ba cinyewa zan yi ba. Ladan ai shi zai samu. Kuma ku ba ku san matar nan ba.

Ɗalibin Madina: Halinta ba ya soke rabonta. Ladan ka nema masa da kuɗinka.

Baba na Misfala: Ɗana, kafin komai ka saurari saƙon nan. Wa ya sani ko cewa ya yi ya yafe maka? Sannan ka zo Shara'i ka yi masa addu'a, tafiyar awa ɗaya ce. Kada ka sa rai za ka ga suna a kan kabari, a nan ba a rubutawa. Ni kakana ta Sudan ya zo ƙasar nan da ƙafa, ya tsallaka teku daga Sawakin, yau ko inda yake kwance ban sani ba, kuma babu ɗan da ya taɓa tambayata labarinsa.

Ɗalibin Madina: Baba, in ya yafe da bakinsa yana lafiya lau, shi ke nan. In ba haka ba, maganata na nan.

Wani a Riyad: Kar ka kira matar, takaba take yi, wata huɗu da kwana goma. Ka tura wa yayansa ya sa cikin gado.

Hajiya mai abinci, Karantina: Yayansa? Tab! Ka ba kura ajiyar nama ke nan. A hannun uwar yara za ka sa, da shaidu biyu.

Ɗalibin Madina: Takaba ba ta hana magana ta buƙata. Ku daina ƙara wa addini abin da babu.

Direba a Jidda: Baba, wallahi na ɗauki wayar ya fi sau goma, hannuna rawa yake. In na ji yana tambayar kuɗinsa fa? Kuma ba ƙin biya na yi ba, wata biyar kafilina, wato uban gidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, bai ba ni albashi cikakke ba, shi ma marigayin ya sani. Yanzu haka 1,200 ne a hannuna. Umrar dai ranar Juma'a zan yi in sha Allah.

Wani a Riyad: Wai me ya haɗa ku ne tun farko?

Hajiya mai abinci, Karantina: Ni ma abin da nake son ji ke nan. Kuma yaran nawa ne?