Nagatif da Hausa: dodo ne ko uwa?

Mai Yashica:
Salamu alaikum 'yan uwa masu rataya kyamara. Kalma nake nema, kuma da gaggawa, don ranar Asabar zan koma wajen mutanen da takarda a hannu.

Wani tsohon mai hoto a unguwarmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Da 'ya'yansa suka zo kwashe shagon don a ba da haya, sai aka tarar da gwangwanayen alewa guda bakwai a ƙarƙashin kanta, maƙil da nagatif. Wasu siraran nan ne na milimita 35, wasu kuma faffaɗan fim ɗin 120, irin wanda kyamarata Yashica ke ci, hoto 12 a kowane naɗi. Na zaro ɗaya na ɗaga shi a hasken taga. Amarya ce zaune a kan kujera, fuskarta fari fat, haƙoranta baƙi ƙirin, farin mayafinta ya koma kamar an tsoma shi a tawada.

Babban ɗan ya yarda in kwafe su a kwamfuta kafin su lalace, amma ya ce sai an rubuta, kuma da Hausa, don a karanta wa mahaifiyarsu ta ji da kunnenta. Na rubuta "nagatif", ya ce Hajiya ba ta san wannan ba. Na tambayi manhajar fassara, ta ce min "mara kyau". Aikin mijinta na shekara arba'in zan je in ce mata mara kyau? To me za mu kira shi?

Mai ɗaukar biki:
Juyayyen hoto. An gama, a kawo wata.

Mai Yashica:
Ba a gama ba, yallaɓai. Na gwada wa ƙanina ita, sai ya kifa hoton ƙasa ya ce ga shi ya juya.

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam. A nahawu muna da korau da tabbatau, kuma su ne daidai da kalmomin Turancin biyu idan jimla ake magana. Sai dai ni kaina ba zan ba ku shawarar korau ba. "Hoto korau" ya yi kama da hoton da aka fatattaka daga gida. John Herschel da ya raɗa wa abin suna a 1840 akasin haske yake nufi, wato inda rana ta fi bugawa nan ya fi baƙi. Ba musun komai ake yi ba. Idan akasi muke so, akwai kishiya, amma na san abin da zai biyo baya idan na faɗa.

Mai ɗaukar biki:
Malama, a takardar da za a karanta wa Hajiya? A ce marigayi ya bar kishiyoyi gwangwani bakwai a ƙarƙashin kanta? Mai Yashica ba zai fito daga gidan da takalmansa ba.

Ɗan Damagaram:
Mu nan ƙetaren iyaka masu hoto kilishe suke cewa, daga Faransanci. Kar wanda ya yi dariya.

To ku yi, na ji ku. Amma ku duba da kyau: abu ne siriri, an jiƙa shi a haɗi, an shanya shi a igiya ya bushe, kana ɗaga shi a rana kana hango haske ta cikinsa. Me ya rage masa in ba yaji da tunkuza ba?

Baba mai akwati:
Yarana, jikata ce ke rubuta min, ni nake faɗa. Kuna ta neman abin da yake cikin aljihunku. Dodon hoto muke ce masa. Tun ina yaron shago haka na ji ana faɗa, haka masu zuwa karɓar hoto suke faɗa. Mutum zai ce, Malam a haɗa min da dodon, ko zan ƙara wankewa. Ku je ku ce wa Hajiya dodon hoto ku ga ko za ta tambaye ku ma'ana.

Dalilin sunan kuwa ɗana mai Yashica ya riga ya gani da idonsa a taga. Baƙin mutum ya koma fari, farin ido ya koma baƙi, in ya yi murmushi sai ka ga rami. Yara in sun leƙo shago sun ga dodon ubansu a igiya, da gudu suke fita.

Ni da akwatin katako na fara, mai ƙafa uku, mai hannun riga a gefe. Babu fim a ciki, takardar hoto ce. Mutum ya zauna a benci, in cire murfin gilashi in ƙirga a zuci in mayar. Sai in zura hannu ta hannun rigar nan, a cikin akwatin akwai 'yan kwanoni biyu, ɗaya na ruwan fito da hoto, ɗaya na ruwan tsayar da shi. Da lalube ake yi. Abin da zai fito dodo ne a kan takarda. In ɗauraye shi a bokiti, in manna shi jiƙe a wani ɗan allo da ke gaban gilashin, in sake ɗaukar dodon kansa hoto. Dodon dodo shi ne mutum. Kafin mai fasfo ya gama cin goronsa na miƙa masa.

Da muka koma fim sai wahala ta canza. Fim ba ya son ko jan kwan nan da ake wanke takarda da shi, sai duhu sosai, ka naɗa shi a kan ƙarfe da yatsu kamar makaho. Ruwan D-76 na wanke fim kuma digiri 20 yake so. Ina za ka samu digiri 20 a watan Afrilu? Ƙanƙara muke saye mu jefa a roba mu dasa kwalbar a ciki, in babu ƙanƙara a koma gindin randa, ko a jira sai bayan sallar asuba. In ka yi ganganci da ruwan zafi, fuskar fim ɗin ta yi laushi ta saɓule maka a hannu, bikin mutane ya tafi ke nan. Ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya, na yi sati ina bi ta bayan layi.

Mai Yashica:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi na taɓa jin kalmar a bakin kakata, ta ɓace min. Kunya ta kama ni.

Malamar Hausa:
Baba ya raba gardama ta ɓangare ɗaya, kuma ginin kalmar ma na gida ne: dodon kunne, dodon koɗi, dodon hoto. Bahaushe ya saba kiran abin da ke ɓoye a ciki, ko mai siffa ta ban tsoro, da dodo. Wannan ya haɗa duka biyun.

Amma ina da ja, Baba a gafarce ni. Dodo kamanni ya kwatanta, bai faɗi aiki ba. Abin da ya sa gwangwanayen nan suke da daraja shi ne daga kowane guda ana iya haifar da hoto ɗari. Nan ne ma hanyar Talbot ta kayar da ta Daguerre, Turawa biyu daga cikin waɗanda suka fara ƙirƙiro ɗaukar hoto. Hoton Daguerre na 1839 a kan farantin ƙarfe mai ruwan azurfa yake fitowa, ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma guda ɗaya ne tak, in kana son biyu sai ka sake zama. Talbot kuwa tun 1835 ya ɗauki tagar gidansa a Lacock, a Ingila, a kan 'yar takarda, ya samu dodo, kuma daga dodo ana buga iya yadda ake so. Saboda haka ni uwar hoto nake gani. Uwa ce ke haihuwa.

Mai ɗaukar biki:
Ke nan na Daguerre da na Polaroid mai fito da hoto nan take marayu ne.

Malamar Hausa:
Da wasa ka faɗa, amma na rubuta ta a littafina.

Ɗan Damagaram:
Ina bayan Malama, ga gwaji. Fim ɗin Kodachrome, wanda aka fara a 1935 aka daina yi a 2009, in an wanke shi launinsa daidai yake fitowa, ja ja ne, fari fari ne, a majigi ake haska shi. Ba dodo ba ne ko kaɗan. Amma shi ne asali, daga shi ake bugawa. Dodo ba ta kama shi ba, uwa ta kama. Haka ɗanyen fayil ɗin da kyamarorinmu na yau ke ajiyewa kafin a gyara. Kamfanin Adobe ma da suka fito da tsarin fayil na DNG a 2004, nagatif na dijital suka kira shi, alhali babu abin da ya juye a cikinsa. Su ma aikin suka duba.

Baba mai akwati:
'Yata Malama, ban ƙi taki ba. Sai dai in kin shiga shago kin ce a ba ki uwar hoto, yaron shago zai nuna miki tsohuwar da ke tsakiyar hoton suna.

Barista:
Ku ba ni wuri, don takarda za a rubuta, kuma a takarda ne kalma ke cizo.

Mai Yashica, abu uku ne a gabanka, kada ka bari kalma ɗaya ta haɗiye su. Na farko ledar fim ɗin kanta, abin da ke cikin gwangwani. Wannan kaya ne kamar kujera, gado ne na magada. Na biyu haƙƙin mallakar hoton, wato ikon kwafa da bugawa da sayarwa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ɗauki wanda ya ɗauki hoto a matsayin mai shi, kuma haƙƙin yana bin gado. Wa'adinsa shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da hoton ga jama'a, ba kamar littafi ko waƙa ba da ke kai shekara 70 bayan rasuwar mai su. Don haka ka rubuta shekarar da ka gani a jikin kowane ambulan, za ta yi maka amfani. Riƙe ledar bai ba ka haƙƙin ba, ko da sayenta ka yi. Mallaka wa wani haƙƙin sai a rubuce.

Na uku ita amaryar da ka ɗaga a taga. Wanda ya biya aka ɗauke shi hoto don amfanin gidansa, dokar yanzu ta ba shi damar amfani da hoton ba don kasuwanci ba, ta kuma ba shi ikon hana a baza shi ga duniya. Ko babu doka ma, matar nan wataƙila kakar wani ce a layinku. Kafin ka ɗora ta a Instagram, nemi gidan.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutanen gari a tsakar gida da zanen gado a bayansu, ya adana dodanninsa dubbai. A shekarun 1990 aka kai wasu Turai aka buga su manya-manya, suka yi kuɗin da bai taɓa mafarki ba. Da ya rasu a 2001, rigimar da ta tashi har gaban kotu a kan wa ke riƙe da su ne da wa ke da ikon bugawa. Irin abin da ke cikin gwangwanin alewar nan ne fa.

Ni a takarda zan so kalmomin biyu. Dodo don Hajiya ta san abin da za a fitar daga gidanta. Uwa don ta haɗa har da kwafin da zai zauna a kwamfutarka, wanda shi ma zai iya haihuwa.

Mai Yashica:
Barista, Allah ya saka. Duba min wannan:

"Iyalan marigayi sun ba ni aron dodannin hoto gwangwani bakwai, in kwafe su in mayar cikin wata uku. Dodannin da kwafinsu na kwamfuta, waɗanda a nan za a kira su uwar hoto, mallakar iyalan ne. Ba zan buga ko in sayar ko in yaɗa wani hoto daga uwar ba sai da izininsu a rubuce, da na mutanen da ke cikin hoton ko iyalansu."

Barista:
Ƙara adadi. Ƙirga su ɗaya-ɗaya a gaban babban ɗan, ku sa hannu ku biyu da shaida. "Gwangwani bakwai" ba lissafi ba ne.

Malamar Hausa:
Ni kuma jam'in ne ya tsaya min. Dodanni daidai ne. Na uwa kuwa kada wani ya rubuta iyayen hoto, a bar shi uwayen hoto, in ba haka ba sai an tambaye mu ina uban.

Mai ɗaukar biki:
Na karɓi dodon hoto ga na fim, uwar hoto ga duk abin da ake bugawa daga shi, ɗanyen fayil ga namu na yau. Daga yanzu amaryar da ta ce in tura mata "duka har waɗanda ba a gyara ba", zan ce mata uwa ba ta bin 'ya ɗakin miji.

Ɗan Damagaram:
Kilishe fa? Haka za ku watsar min da ita?

Malamar Hausa:
Ka riƙe ta, a ci a hanya.

Baba mai akwati:
Ɗana, kafin Asabar ka buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya ka shinshina. Wanda ka ji yana warin tsami kamar ruwan kal, ledar ce ta fara ruɓewa, ka ware shi nesa da sauran don yana harbinsu, kuma shi za ka fara kwafa. Kada ka kama dodo ta tsakiya, ta gefe ake riƙewa. Kada ka goge ƙura da bakin rigarka, hura ta za ka yi da ɗan famfon roba. In ka tarar da masu ruwan lemo, na kala ne, haka launinsu yake, ba lalacewa suka yi ba. In kuma ka ga wani siririn saurayi tsaye kusa da akwati mai ƙafa uku a ƙofar wani shago, ka wanke min guda biyu, don marigayin ya taɓa ɗaukata bai ba ni ba.